Ƙayyade Gudun Inji: Darasi Daga Jirgin Tebur

Gabatarwa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a 1929 aka kai layin dogo daga Zariya, ta Gusau, har Ƙauran Namoda. Nan ya tsaya. Har yau bai shigo Sakkwato ba, balle Wurno ko Rabah ko Goronyo, don haka yawancin ɗalibanmu a hoto kawai suka san shi. Duk da haka, a darasinmu na bana jirgin ƙasa za mu ɗauka mu yi nazari, kuma ƙaramin cikinsu, wato wanda ake ɗorawa a kan tebur. Mun zaɓe shi ne domin masu sarrafa shi suna fuskantar tambaya iri ɗaya da wadda ke gaban direban da ya ɗauko fasinja da buhunan albasa zuwa kasuwar Goronyo ran Lahadi: ina ya kamata gudun inji ya tsaya, kuma yaya za a tsayar da shi nan? A kan tebur, wanda ya kuskure amsa zai sunkuya ya ɗaga jirginsa ya mayar kan layi. A kan kwalta kuwa, rayukan mutane ne. Saboda haka ya fi mana sauƙi mu koyi darasin a kan tebur.

1. Mene ne jirgin tebur?

A ƙasashe kamar Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai mutane, manya da yara, masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa da ke tafiya da lantarki. Sukan shimfiɗa musu layin dogo a kan faffaɗan tebur, da tashoshi da gadoji da gidaje, kome a ƙanƙance. A birnin Hambug na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda tsawon ƙaramin layin dogon ya haura kilomita 15.

Abin da ya raba wannan da wasan yara shi ne ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ana kiransa HO, inda ake raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 87 a ɗauki ɗaya. Alal misali, faɗin layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. In muka raba 1,435 da 87 za mu sami milimita 16 da rabi, kuma wannan shi ne faɗin layin jirgin tebur. Tarago mai tsawon mita 20 zai koma santimita 23, wato bai kai tsawon rular ɗalibi ba.

2. Lissafin gudu

Idan an rage tsawo gida 87, wajibi ne a rage gudu gida 87, in ba haka ba ido zai ga ƙarya. Bari mu lissafa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mu raba da 87, sai mu sami santimita 32 a daƙiƙa. Ke nan jirgin tebur da ke kwaikwayonsa zai ɗauki daƙiƙa 3 da 'yan kai kafin ya ci mita guda. Jirgin kaya mai gudun kilomita 40 a awa kuwa, na tebur ɗinsa zai ɗauki kusan daƙiƙa 8 a kan mita guda.

Ga hanya mai sauƙin riƙewa. A auna mita guda a kan layin, a ƙirga daƙiƙun da kan jirgin ya ɗauka, sannan a raba 313 da wannan adadi. Amsar ita ce gudunsa da kilomita a awa, da a ce babba ne. Ita 313 ta fito ne daga 87 sau 3.6, domin mita guda a daƙiƙa daidai take da kilomita 3.6 a awa.

A nan matsalar take. Sau da yawa masana'anta kan fito da kan jirgi mai gudun da ya zarce na wanda yake kwaikwayo. Mu ce namu ya ci mita guda cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. 313 a raba da ɗaya da rabi ya ba mu kusan 209. Wato tsohon kan jirgin jan kaya yana tsala gudun kilomita 209 a awa! Ga shi kuma kwanonin layin tebur a matse suke, don tebur ba shi da faɗi. Sakamakon haka taragu kan tsinke, ko su sauka daga layi, ko jirgi ya wuce tasha bai tsaya ba.

3. Yadda umarni ke kai wa jirgi

A tsohon tsari, mai jirgi yakan ƙara ko ya rage ƙarfin lantarkin da ke cikin layin dogo. Duk kan jirgin da ke kan layin zai amsa tare da sauran, kamar yadda ɗalibai duka ke tashi in an kaɗa ƙararrawa. A sabon tsari mai suna DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar bai ɗaya a farkon shekarun 1990, lantarki yana cikin layin kullum da cikakken ƙarfinsa. A cikin lantarkin nan ake cusa saƙonni na lambobi. Kowane kan jirgi yana da 'yar kwamfuta a cikinsa, ba ta fi kan sarki girma ba, ana ce mata dikoda, kuma kowace dikoda tana da lambarta. Wannan kamar malami ne ke kiran sunaye a aji: kowa ya ji kiran, amma mai sunan kaɗai ke amsawa.

Yaya dikoda ke rage gudu alhali lantarki a cike yake? Masu noman rani a fadamun Wurno da Goronyo sun san amsar. Ruwa yana gudu a cikin hanyarsa da ƙarfi ɗaya, amma manomi ne ke buɗe bakin fangali da fartanya, ya bari ruwa ya shiga, ya toshe. In ya daɗe a buɗe, ruwa ya yi yawa; in ya toshe da wuri, ruwa ya yi kaɗan. Haka dikoda ke buɗe wa injin lantarki tana rufewa, sai dai ita tana yi ne sau dubbai a daƙiƙa guda. In lokacin buɗewa ya kai rabi, inji ya sami rabin ƙarfi. In a buɗe take ko da yaushe, inji ya sami ƙarfi duka.

Mai jirgi kuma yana riƙe da abin sarrafawa a hannu, mai matakai. Akwai mai matakan gudu 14, da mai 28, da mai 128. Matakin ƙarshe shi ne umarnin a yi gudu duka.

4. Yadda ake sa iyaka

A cikin dikoda akwai gurabe masu lambobi, ana kiransu CV, kuma a kowane gurbi ana iya rubuta adadi daga 0 zuwa 255. Biyar daga cikinsu suka shafi darasinmu:

CV2: ƙarfin da ake bai wa inji a mataki na farko, don ya motsa.
CV5: ƙarfin da ake ba shi a mataki na ƙarshe. Wannan shi ne gurbin iyaka.
CV6: ƙarfin da ake ba shi a matakin tsakiya.
CV3: jinkirin ɗaukar gudu.
CV4: jinkirin tsayawa.

Mu koma ga kan jirginmu mai gudun 209. Muna son ya tsaya a 100. Matakan su ne:

Na farko, a ɗora shi shi kaɗai a kan wani ɗan layi na daban da ake ware wa rubutu, don kada umarnin ya shiga wasu jirage. A karanta adadin da ke cikin guraben, a rubuta a littafi kafin a taɓa kome.

Na biyu, a yi lissafi: 255 sau 100, a raba da 209. Amsa kusan 122. A rubuta 122 a CV5, a rubuta rabinsa, wato 61, a CV6. In aka bar CV6 sama da CV5, jirgi zai fi gudu a tsakiya bisa ƙarshe.

Na uku, a mai da shi kan babban layi, a bari injin ya yi ɗumi, a haɗa masa taragun da zai riƙa ja, a sake aunawa da agogo. Lissafi yana kai mu kusa ne kawai, domin gogayyar ƙarafa da nauyin kaya suna cin nasu rabo. In mita guda ta ɗauki daƙiƙa 3 da 'yan kai, an dace. In ba haka ba, a ƙara ko a rage kaɗan, a sake aunawa.

Abu biyu a kula da su. Bisa ƙa'idar DCC, wanda ya rubuta 0 ko 1 a CV5 ya cire iyaka ne gaba ɗaya, jirgi zai koma cikakken gudunsa. Sannan wasu dikododi ba su aiki da CV5. A irinsu ana cika jadawali mai gurabe 28, daga CV67 zuwa CV94, kowane mataki da nasa adadin, a kunna jadawalin ta CV29.

5. Ribar iyaka

Mai karatu zai ce, ai mai jirgi yana iya hana kansa kaiwa matakin ƙarshe, ina amfanin wannan wahala? Amfani uku ne.

Da farko, hannu yakan kuskure, kuma baƙo ko yaro yakan murɗa har ƙarshe. Iyakar da ke cikin dikoda ba ta mantuwa, ba ta kuma jin zuga.

Na biyu, iyaka tana ƙara wa mai jirgi iko. Kafin a sa ta, matakai 28 sun rabu a kan gudun 209, don haka 13 kawai ke da amfani, sauran 15 na ɓarna ne. Bayan an sa ta, matakai 28 duka sun rabu a kan gudun 100. Kowane mataki ya zama ƙarami, ana iya shigar da jirgi tasha a hankali a tsayar da shi daidai inda ake so.

Na uku, in za a haɗa kawunan jirgi biyu su ja taragu tare, dole a daidaita gudunsu. Mai huɗa da shanu ya san abin da ke faruwa in aka haɗa sa mai gaggawa da mai nawa a karkiya ɗaya: kunya ta karkace, shanun duka su wahala.

Sai mu lura da wani abu. A duk lissafin nan ba mu tambayi injin abin da zai iya ba. Abin da muka duba shi ne irin jirgin, da kayan da yake ja, da kwanonin layin. Hanya da kaya su ke yanke iyaka, inji kuwa bi yake yi.

6. Gwamnan injin ban ruwa

Dabarar ƙayyade gudu ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1788 James Watt ya sa wa injinsa mai aiki da tururi wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa. In inji ya ƙara gudu sai ƙwallayen su buɗe, su ja wani hannu da ke rage tururi. In gudu ya ragu sai su rufe, tururi ya ƙaru. Wannan shi ne gwamna, kuma jikokinsa suna nan cikin injinan ban ruwa da ke bakin gulbin Rima, da janaretocin gidajenmu. Ƙaramin janareto yakan juya sau 3,000 a minti don ya ba da lantarki irin wanda kayanmu ke buƙata. Wanda ya ɗaure sifirin ɗin gwamna don inji ya ƙara ƙarfi, zai ji daɗin mako guda, sannan ya sayi sabon fistin, ko ya ƙona fanka da rediyo. Duk bakaniken kirki zai gaya mana haka.

7. Daga tebur zuwa kwalta

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu daga 1 ga Fabrairu, 2017, bayan 'yan watanni na gargaɗi. Aikin na'urar irin na CV5 ne. Tana karanta gudun mota, in ya kai adadin da aka rubuta mata sai ta hana ƙarin mai shiga inji, ko da direba ya danne totur har ƙasa. A ƙasashen Tarayyar Turai an wajabta irinta ga manyan motocin kaya da bas-bas tun shekarun 1990. A dokar hanya ta Nijeriya, iyakar tasi da bas ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, da 80 a babbar hanya.

Me ya sa 80? Dalilin yana cikin darasin kimiyya na aji huɗu. Ƙarfin da abu mai tafiya ke ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu, kuma nisan da birki ke buƙata ya ninka huɗu. Mu ɗauka direba lafiyayye ne, yana ɗaukar daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da taka birki, kwalta a bushe take, tayoyi da birki masu kyau ne, har suna rage gudun mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ga abin da lissafi ya ba mu:

A gudun 50, mota za ta tsaya bayan mita 28.
A gudun 80, bayan mita 57.
A gudun 100, bayan mita 83.
A gudun 120, bayan mita 113.

Yanzu mu ce motoci biyu sun baro Achida sun nufi Goronyo, ɗaya a 80, ɗaya a 120. Garken shanu ya ɓullo kan hanya mita 57 a gabansu. Ta farko za ta tsaya dab da shanun. Ta biyu za ta ci mita 33 kafin ƙafar direba ta taɓa birki, saura mita 24. Wanda ya yi lissafin zai tarar cewa za ta afka wa shanun tana kan gudun kusan kilomita 100 a awa. Ba 40 ba, wato bambancin da ke tsakaninsu tun farko: 100. Wannan kuma da mota marar kaya. In an laƙa mata buhuna a sama, mutane sun hau kan buhunan, tayoyi sun suɗe, to lamarin ya fi haka muni.

Me direban ya samu da gudun? A tafiyar kilomita 60, mai gudun 80 zai ɗauki minti 45, mai gudun 120 zai ɗauki minti 30. Minti 15 ke nan, in ma hanyar ta bar shi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

8. Ƙorafin direbobi

Ba daidai ba ne mu yi kamar direbobi ba su da hujja. Suna cewa na'urar tana da tsada, kuma kuɗin da mai mota ke jira kowace yamma ba ya raguwa. Suna cewa wuce babbar mota yana buƙatar ƙarin gudu na ɗan lokaci. Mafi nauyi duka, suna cewa in 'yan bindiga suka tare hanya, gudu ne kaɗai abin da ya rage musu. Duk wanda ke zaune a gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ba zai raina wannan magana ba, kuma tsaron hanya hakki ne a wuyan hukuma wanda na'ura ba za ta sauke mata ba.

Amma mu auna. Ranar tare hanya takan zo jefi-jefi, rami da kwana da dabbobi da yara masu tsallaka titi kuwa kullum suna nan. Motar da aka cire wa iyaka saboda ranar tsoro, da wannan gudun za ta yi sauran kwanakin shekara. Game da wuce mota kuma, in wucewa ba za ta yiwu ba sai an haura iyaka, to wurin bai dace da wucewa ba, sai a yi haƙuri. Mu fasinjoji ma muna da namu laifi. Sau nawa muke yaba wa direba mai wuta, mu yi wa mai natsuwa tsaki? Masu motoci su ma, in suka sa wa direba adadin sawu da ba zai cika ba sai da gudu, su ne suka rubuta 255 a gurbinsa.

9. Abin da iyaka ba ta yi

Kada mu ɗauka na'ura ta gama aiki. Ba ta taka birki, mai kawai take ragewa, don haka a gangare mota mai nauyi tana iya wuce adadin. Sannan lamba ɗaya ta sani. Motar da aka ƙayyade a 80 tana iya kashe mutum a tsakiyar kasuwa, inda 30 ma ya yi yawa.

Jirgin ƙasa na gaske ya koya wa duniya wannan da tsada. Ran 24 ga Yuli, 2013, kusa da birnin Santiyago a ƙasar Sifen, wani jirgin fasinja ya shiga kwanar da iyakarta 80 ce yana gudun kusan 180. Ya kife, mutum 80 suka rasu. Gudun nan bai wuce abin da aka yarda wa jirgin a miƙaƙƙen layi ba. Abin da ya wuce shi ne iyakar wannan kwana, kuma a wurin babu na'urar da za ta taka birki da kanta in direba ya shagala. A kwana ma dokar gudu sau gudu ce ke aiki: gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke tura abin hawa waje ya ninka huɗu. Shi ya sa tsarin jiragen zamani ke haɗa iyaka da wuri, kowane yanki na layi da tasa. A hanyoyinmu, wannan aikin yana hannun direba da idonsa.

Kammalawa

Mun ga yadda ake lissafa gudun jirgin tebur, da yadda adadi guda a gurbi guda ke tsayar da shi inda ya dace, da yadda wannan dabara take cikin injin ban ruwa da motar haya. Daga cikin masu karanta wannan mujalla akwai direbobi da masu motoci, akwai iyayen da ke sa 'ya'yansu a mota kowane hutu, akwai kuma ɗaliban da gobe za su zama injiniyoyi da makanikai. Roƙonmu ga kowa shi ne ya riƙe lissafin sashe na 7. Ɗalibin da ya ga allurar mota ta haura 80, ya faɗa wa direba cikin ladabi, "Baba direba, don Allah a sassauta." Manya da ke cikin motar kuma su mara masa baya.

Aikin yi

1. Jirgin tebur ya ci mita guda cikin daƙiƙa 2. Nawa ne gudunsa a ma'aunin HO? Wane adadi za a fara gwadawa a CV5 in ana son ya tsaya a 60?

2. Tsohon layin dogon da ya je Ƙauran Namoda yana da faɗin milimita 1,067. Nawa zai zama in an raba shi gida 87?

3. Tare da malami, a auna mita 100 a gefen hanya, a tsaya nesa da kwalta, a ƙirga daƙiƙun da kowace mota ta ɗauka. A raba 360 da adadin, amsar ita ce gudunta. Daƙiƙa 4 da rabi daidai take da 80. A rubuta motoci 20, a ƙirga nawa ne suka haura, a kawo sakamakon aji a farkon zango mai zuwa.